Ƙarar da salula ke sakawa cikin rediyo da lasifika

Idan kuna aiki da rediyo, ko lasifika, ko na'urar ɗaukar magana, da wuya a ce ba ku taɓa jin wannan ƙara ba. Tana farawa da ƴan gajerun bugu, dit-dit-dit, dit-dit-dit, sa'an nan ta zarce da wani ƙugi mai kaushi kamar na ƙudan zuma da ya faɗa cikin tulu. Bayan sakan biyu ko uku sai salular wani da ke kusa ta yi kuka, ko saƙo ya shigo masa. Wasu har sun saba da ita: da sun ji ta cikin rediyo sai su kai hannu aljihu, domin sun san kira yana tafe.

Ga mai sauraron kiɗa a gida, abin bai wuce ɗan damuwa ba. Amma ga ma'aikacin faɗakarwa da ke tsaye gaban jama'a yana sanar da ranar rigakafi, ko mai gabatar da shiri a gidan rediyon karkara yana karanta farashin gero da wake na kasuwar mako, sakan biyar na ƙara sun isa su haɗiye rana ko adadin da aka tara mutane dominsa. Haka wanda ya yi tafiyar yini guda ya ɗauko hira da manoma, ya dawo ya tarar ƙugi ya rufe rabin maganar. Akwai kuma asarar kuɗi, domin sau da yawa ana kai lafiyayyen ampili wurin mai gyara, a canja masa kaya, a biya, a dawo da shi ƙarar tana nan yadda take.

A cikin bayanin nan, in an ce salula ana nufin tarhon hannu. In an ce waya, ana nufin wayar lantarki wadda ke haɗa na'ura da na'ura.

Ku fara bambanta ta da sauran ƙararraki

Kafin ku ɗora wa salula laifi, ku saurara da kyau, domin kayan sauti suna da ƙararraki iri-iri kuma kowace da maganinta. Akwai gurnani mai zurfi wanda ba ya yankewa muddin na'ura tana jone da wutar gari. Wannan daga wutar ne, wadda ke kaɗawa sau 50 cikin sakan ɗaya, kuma in kun mai da na'urar kan batiri yakan ɓace. Akwai fito mai huda kunne da ke tashi in makirufo ya fuskanci lasifika. Juya ɗayansu kawai ake yi. Akwai shuuu ko tsartsatsi da cajar salula mai araha, ko na'urar juya wutar batirin hasken rana, ko wasu ƙwayayen fitila na zamani ke jefawa cikin gajeren zango da matsakaicin zango, wanda ke tsayawa da zarar an cire su daga wuta. Babur ma in ya wuce yakan bar tat-tat-tat da ke ƙaruwa da gudun injinsa, haka walƙiya a lokacin damina.

Ƙarar salula ta sha bamban da waɗannan duka. Zuwa take yi ta tafi, sautinta ɗaya ne kullum, kuma in kun murɗa rediyo kun canja tasha tana biye da ku. Gwajinta ba wuya: ku ajiye ƙaramar salula mai maɓallai kusa da na'urar, ku kira ta da wata salular daga nesa. In ƙarar ta tashi kafin kuka, kuma ta ragu sa'ad da kuka janye salular, kun sami mai laifi.

Inda ƙarar take samo asali

Tsarin sadarwar da ke haddasa ta shi ne GSM, wanda yanzu aka fi sani da 2G. Ƙasashen Turai ne suka kafa kwamitin tsara shi a 1982, aka yi kira na farko a kansa a ƙasar Finland a 1991. Ya iso Nijar a 2001 tare da kamfanin Celtel, wanda ya koma Zain a 2008, sa'an nan Airtel a 2010. Sauran kamfanonin da suka biyo baya su ma da shi suka fara, kuma har yau shi ne rezon da ya fi isa ƙauyuka.

Salula ƙaramin gidan rediyo ce: tana karɓa, tana kuma watsawa. Taguwar da take watsawa tana kaɗawa wajen sau miliyan 900 ko miliyan 1800 cikin sakan ɗaya, abin da ake rubutawa megahertz 900 da 1800. Kunnen ɗan Adam ba ya jin abin da ya haura kaɗawa dubu 20 a sakan, saboda haka ita taguwar kanta ba mai jin ta. Ta kuma yi nisa ƙwarai da zangon FM, wanda ke tsakanin megahertz 88 da 108. Shi ya sa canja tasha ba ya hana ƙarar: ba ta ƙofar tasha take shiga ba.

Abin da ake ji shi ne yadda salular ke kunna watsawar tana kashewa. Waɗanda suka tsara GSM sun so mutane da yawa su yi magana a kan zango ɗaya, sai suka raba lokaci gida takwas. Ku ɗauki misalin mata takwas suna lugude a turmi ɗaya: kowace tana sauke taɓaryarta in layinta ya zo, ta ɗaga ta jira sauran bakwai. Haka salula takwas ke yi a zango guda. Kowace tana watsa guntun maganar mai ita cikin ɗan lokacin da bai kai kashi ɗaya cikin dubu na sakan ba, ta yi shiru, layi ya zagayo, ta sake watsawa. Zagayen yana da sauri har layin kowace salula yana zuwa sau 217 cikin sakan ɗaya. To, bugu 217 a sakan yana tsakiyar abin da kunne ke ji, kusa da kaurin muryar mace in tana magana. Ƙugin da kuke ji cikin lasifika saukar taɓaryar salula ɗaya ce, sau 217 kowane sakan.

Da yake kunnawar da kashewar farat ɗaya ake yinsu, sautin ba ya fitowa sumul. Yana tafe da ƴaƴansa a kan 434 da 651 da 868, haka har sama, kuma su ne ke ba shi kaushi. Wannan ne dalilin da ya sa maɓallin rage kauri ko rage kaifin sauti ba ya kawar da shi, kuma in ya riga ya shiga cikin abin da aka ɗauka, fitar da shi da kwamfuta yana da wuya, domin ya cakuɗe da muryar mutum tun daga ƙasa har sama. Ana iya rage shi, amma muryar ma takan raunana.

Yadda take shiga na'urar da ba a yi ta domin kama salula ba

Duk wani ƙarfe mai tsawo eriya ne, ko an so ko ba a so ba. Tsawon taguwar megahertz 900 kimanin santimita 33 ne, kuma guntuwar waya mai santimita 8, wato rubu'in wannan tsawo, ta isa ta kama ta sosai. Wayar makirufo, da wayar lasifika, da wayar da ke kawo wuta, har da siraran layukan tagulla da ke kan allon cikin na'ura, duk suna iya kamawa su kai ciki.

A ciki akwai taranzista da makamantansu, waɗanda ɗabi'arsu ita ce su bar lantarki ya wuce ta gefe ɗaya fiye da ɗaya gefen. In taguwa mai ƙarfi ta faɗo musu, ba su iya bin saurinta, amma suna nuna zuwanta da tafiyarta: ta zo, lantarki ya ɗan motsa, ta tafi, ya koma. Wannan motsi ne ampili ke ɗauka kamar sauti ya ƙara masa ƙarfi. Sashen da ke karɓar makirufo ya fi kowane rauni, domin aikinsa shi ne ya ninka ƙaramin sauti sau ɗari har zuwa sau dubu, kuma ba ya tambayar daga ina sautin ya fito. Lasifikar da ba ta haɗe da ampili mai aiki ba ta yin wannan ƙara.

Kuna iya mamakin yadda abu ɗan ƙarami zai rinjayi babbar na'ura. Iyakar ƙarfin salular GSM wat 2 ne a zangon 900, wat 1 a zangon 1800, ƙasa da ƙwan fitilar ɗaki. Sirrin yana ga kusanci. Salular da ke tazarar taƙi ɗaya daga wayar makirufo tana dukan wayar da taguwar da ta ninka ta babban gidan rediyo mai nisan kilomita goma sau ɗaruruwa. Haka nan eriyar kamfani da ke saman dogon ƙarfe ba kasafai take jawo ƙarar ba, ko da ta fi salula ƙarfi, saboda nisanta.

Na'urori kuma ba ɗaya suke ba. Wadda ke cikin akwatin ƙarfe, aka sa mata matatai a bakin kowace ƙofar waya, tana iya zama kusa da salula ba ta ce uffan ba. Wadda ke cikin akwatin roba, aka rage mata kaya domin ta yi araha, tana kama ƙarar tun daga nesa. Galibin ƙananan rediyoyi da amsa-kuwwa da lasifikokin kwamfuta da ke kasuwanninmu daga kashi na biyu suke. In za a faɗi gaskiya, rabin laifin na salula ne, rabi kuma na wanda ya ƙera na'urar sauti. Salular tana aiki ne bisa ƙa'idar da aka tsara mata, don haka kai ƙara wurin kamfanin sadarwa ko hukumar ARCEP a kan wannan ƙugi ba zai canja komai ba.

Me ya sa take tashi kafin kira, kuma me ya sa ta fi tsanani a karkara

Mafi yawan lokaci salular da ke aljihu saurare kawai take yi, ba ta watsa komai. In kira ya zo, eriyar kamfani tana cigiyar ta, ita kuma ta amsa, su yi musayar ƴan saƙonni na tantance lamba da ware mata gurbi. Sai an gama wannan ake ba ta umurnin yin kuka. Musayar ita ce dit-dit-dit ɗin da kuke ji da farko. Ta fi sauran ƙarfi domin a farkon haɗuwa salula da ƙarfi sosai take watsawa, sai daga baya eriya ta gaya mata ta sassauta.

Wani lokaci kuma ƙarar takan tashi ba kira ba saƙo. Wannan ba abin tsoro ba ne. Lokaci-lokaci salula tana sanar da rezo cewa tana nan a kunne, haka ma in ta ƙetara daga wani yanki zuwa wani, kamar a cikin mota tsakanin Maraɗi da Damagaram. Duba sauran kuɗi, ko tura kuɗi, ko shiga intanet a kan 2G, duk watsawa ne. Salula mai layi biyu, irin wadda ta cika hannun jama'a, kowane layi nasa rahoton yake kaiwa.

Batun ƙarfin watsawa shi ya fi shafar masu aiki a ƙauyuka. In salula tana kusa da eriya, ana umurtar ta ta rage ƙarfi har ƙasa da kashi ɗaya cikin ɗari na wat, domin a tsimi batiri a kuma rage damun maƙwabta. In tana nesa, dole ta ɗaga murya har iyakarta. Eriyar GSM tana iya riƙe salula har nisan kilomita 35, kuma ƙauyen da ke can bakin iyakar, inda ake ganin sanda ɗaya ko biyu a fuskar salula, nan ne kowace salula ke watsawa da cikakken ƙarfi. Ampilin da aka gwada a ofis a Yamai ko Tawa aka ji shi tsit yana iya cika dandali da ƙugi in an kai shi ƙauye, alhali ba abin da ya lalace a hanya. Ɗaki mai rufin kwano ko katangar siminti mai kauri shi ma yana raunana rezo, ya tilasta wa salula ƙara ƙarfi. Inda kuwa babu rezo sam, salula nema kawai take yi da kunne, ba ta cika yin ƙara ba.

Abin da za ku yi a wurin taro ko ɗaukar magana

Abu na farko da ya kamata ku sani, wanda mutane da yawa ke kuskure a kansa: sa salula a shiru ko a girgiza ba ya hana komai. Bakinta kawai aka rufe, tana ci gaba da magana da eriya. Abin da ke tsai da watsawa shi ne kashe ta ɗungum, ko sa ta a yanayin jirgin sama, wato alamar nan mai hoton jirgi.

Na biyu shi ne tazara, kuma ita ce magani mafi araha. Duk sa'ad da kuka ninka nisa tsakanin salula da na'ura, ƙarfin da ke isa gare ta yana komawa kimanin rubu'i. Mita ɗaya zuwa biyu yakan wadatar ga yawancin kaya. Masu rauni ƙwarai suna iya bukatar uku ko fiye. Ku lura, tazarar daga wayoyi ake auna ta, ba daga akwatin ampili kaɗai ba. Salular da aka ajiye a kan tabarma bisa wayar makirufo tana shigar da ƙara ko da ampilin yana can gefe.

Saboda haka ba lallai ne ku roƙi dukan mahalarta taro su kashe salularsu ba. Roƙon ba ya karɓuwa, kuma ba a bukatarsa. Waɗanda abin ya shafa su ne mai riƙe da makirufo, da waɗanda ke zaune a teburin manyan baƙi, da mai kula da na'ura, da sahun da waya ta bi ta gabansa. Sau da yawa mai laifin shi ne mai jawabin kansa, salularsa tana aljihun gaban riga, taƙi ɗaya daga makirufo. Faɗa wa mai gari ko babban baƙo ya kashe salula yana da nauyi, gaskiya ne. Hanya mafi sauƙi ita ce a sanar da kowa tun kafin a buɗe taro, shugaban taron ya fara kashe tasa a gaban jama'a, ko a sami yaro amintacce ya riƙe salulolin manya a ɗan nesa, ya zo ya sanar in kira mai muhimmanci ya shigo.

In hira kuke ɗauka, ku sa abin saurare a kunne tun daga farko har ƙarshe. Wanda ke saurare yana jin ƙarar nan take, ya nemi a maimaita jimlar. Wanda bai saurara ba sai ya koma gida zai gane. In da salula kuke ɗaukar maganar, ku sa ta a yanayin jirgin sama, wanda zai kuma hana kira ya katse muku aiki. Kada ku manta da ta biyun da ke cikin jaka.

A gidan rediyo

Tun da aka buɗe gidan rediyon karkara na Bankilare a 1999, irin waɗannan gidaje sun yaɗu cikin jihohin ƙasa, kuma shirin da masu saurare ke bugo tarho yana cikin waɗanda aka fi so. A nan matsalar ta fi wuya, domin ba a iya kashe salular da jama'a ke kira. Abin da aka saba gani shi ne a kara ta a bakin makirufo, ko a jona ta da guntuwar waya a ajiye ta bisa teburin haɗa sauti. Duka biyun suna sa ta a wuri mafi muni.

Ku fitar da ita daga ɗakin watsa shiri. Ku nemi wurin da rezo ya fi ƙarfi, bakin taga ko ƙarƙashin rumfa, ku ajiye ta can, ku jawo sautinta da doguwar waya mai sulke. Riba biyu ke nan: ta yi nisa da kayan sauti, kuma da yake tana jin eriya da kyau za ta rage ƙarfin watsawa. Kada wayarta ta bi hanya ɗaya da wayoyin makirufo. In dole su haɗu, su gitta juna kawai. Gidan da ke da hali zai iya sayen akwatin tarho mai ɗaukar layin salula wanda ake kafa wa eriya a kan rufi, tare da na'urar da aka yi musamman domin shigar da kira cikin teburin haɗa sauti. Haɗa salula da tebur ta Bluetooth shi ma yana ba da damar ajiye ta nesa. Wasu gidajen kuma suna karɓar saƙon murya ta WhatsApp, su sauke shi kafin shiri, su tace, sa'an nan su watsa. Wannan yana kawar da ƙarar, ko da yake ba ya maye gurbin zancen kai tsaye.

Dokar ɗakin watsa shiri kuwa ɗaya ce, kuma ta hau kan kowa, har da darakta da baƙon da aka gayyato: salula tana tsayawa a bakin ƙofa.

Ga mai gyara

In tazara ba ta wadatar ba, sai a nemi ƙofar da ƙarar ke shiga. Ku sa a kira salular gwaji, ku murɗa maɓallin ƙara sauti. In ƙugin yana ƙaruwa yana raguwa tare da maɓallin, ta gaba yake shigowa, wato ta makirufo ko wayarsa ko sashen karɓa. In bai kula da maɓallin ba, ta baya yake shigowa, galibi ta wayoyin lasifika ko ta wayar wuta. Daga nan ku riƙa cire wayoyi ɗaya bayan ɗaya har ku ga wadda in an cire ta ake samun shiru.

Wayar makirufo ta kirki tana da saƙar tagulla da ta lulluɓe ta ciki, ita ce sulken. Ku feɗe bakin wadda kuke da ita ku duba: ta banza ƴan silalla kawai ke gare ta, ana hango cikin ta tsakaninsu. Waya mai kai uku irin XLR ta fi mai kai ɗaya kariya, muddin sulken yana manne da jikin ƙarfen na'ura tun daga bakin ƙofa. Ku rage tsawon da ba a bukata, ku sake like duk mahaɗin da ya saki, ku goge kawunan da suka yi tsatsa ko ƙurar hunturu ta cika, domin mahaɗi mai tsatsa yana karya sulken.

Akwai ɗan dunƙulen nan baƙi da ake gani kusa da kan wayar kwamfuta ko ta caja. Sunansa ferit, kuma aikinsa shi ne tare irin wannan taguwa. Ana iya ciro shi daga tsohuwar waya a maƙala a wayar da ke shigo da ƙara, dab da inda take shiga na'ura. Ba kullum yake kashe ƙarar duka ba, amma yakan rage ta. Wanda ya iya aikin allo zai iya ƙara ƙaramin kondansa tsakanin ƙofar shigar sauti da jikin na'ura. Masu ƙera kaya sukan sa mai pikofarad 33 domin zangon 900 da mai 10 domin 1800, da ƙafafu gajeru iyakar iyawa. Wanda bai koyi aikin ba kada ya buɗe na'urar da ke aiki da wutar gari.

Abubuwa biyu kada ku ɓata kuɗi ko lokaci a kansu. Ƴan takardun da ake mannawa a bayan salula da sunan tare taguwa ba su hana ƙarar. Naɗe salula cikin takardar alminiyom kuma yana raunana mata rezo, ta ƙara ƙarfin watsawa ko ta rasa kiran gaba ɗaya.

Asibiti da masu na'ura a jiki

Abin da ke faruwa cikin ampili yana iya faruwa cikin na'urar likita, kuma a can sakamakon ya wuce ƙugi. Wani bincike da aka yi a ƙasar Holand, aka buga a 2007, ya gwada na'urori 61 na ɗakin masu ciwo mai tsanani, aka tarar taguwar salula ta dagula 26 daga cikinsu. Akwai famfon allura da ya tsaya ba tare da ya yi gargaɗi ba, akwai na'urar taimakon numfashi da ta mutu ta sake tashi. Mafi yawan abin ya faru ne sa'ad da tazarar ba ta wuce ƴan santimita ba, kuma masu binciken sun goyi bayan ƙa'idar mita ɗaya. Ku riƙe ta: a asibiti ko gidan haihuwa, kada a ɗora salula bisa na'ura, kada a matso da ita ƙasa da mita ɗaya daga na'urar da ke jone da marar lafiya, kuma in ma'aikata sun ce a kashe, a kashe.

Wanda aka dasa wa na'urar daidaita bugun zuciya, shawarar likitoci ita ce ya bar aƙalla santimita 15 tsakaninta da salula: kada ya sa ta a aljihun ƙirji, ya kuma kara ta a kunnen da ke ɗaya gefen. Masu na'urar taimakon ji su ma suna jin ƙugin nan cikin kunnensu, musamman da tsofaffin na'urori. Buɗe lasifikar salula a riƙe ta nesa da kai yakan sauƙaƙa musu.

Tambayoyi biyu da jama'a za su yi muku

Za a tambaye ku ko ƙarar tana nufin wani yana sauraron maganar mutum. Amsa ita ce a'a. Ƙarar tana nuna salula tana watsawa ne kawai, kuma kun ga dalilan da ke sa ta watsawa ko ba kira. Maƙwabci ma ba ya iya jin zancenku ta rediyonsa: maganar an mai da ita lambobi kafin a watsa, abin da lasifika ke kamawa saukar taɓarya ne, ba abin da ke cikin turmi ba.

Za a kuma tambaye ku ko abin da ke sa rediyo ƙugi ba ya cutar da ƙwaƙwalwa. Ƙarfin ƙarar ba ma'aunin haɗari ba ne, raunin na'urar sauti yake nunawa. A 2011 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa taguwar rediyo cikin jerin abubuwan da ake zargi amma ba a tabbatar ba. Wani babban nazari da hukumar ta sa aka yi, wanda ya fito a 2024, bai sami alaƙa tsakanin amfani da salula da ciwon dajin ƙwaƙwalwa ba. Mai son ƙarin kwanciyar hankali ya yi amfani da abin saurare na kunne ko ya buɗe lasifika.

Sababbin rezo

Tsarin 3G ba ya yin lugude: watsawarsa a miƙe take, ba yankewa sau 217, saboda haka ba ya haifar da wannan ƙugi. Na 4G ma bai cika yin sa ba, sai dai ɗan tsartsatsi a wasu na'urori. Ƙasashen da suka rufe 2G, kamar Singafo a 2017, sun kusa mance da ƙarar. A nan kuwa tana tare da mu, domin ƙananan salula masu maɓallai da yawansu 2G kaɗai suka sani, kuma babbar salula ma takan sauko kan 2G in rezo ya yi rauni, ko a daidai lokacin kira in kamfani bai buɗe kira ta 4G ba. A cikin gari, inda 3G ke da ƙarfi, kuna iya shiga saitin salular gidan rediyo ku tsai da ita a kan 3G kaɗai. Ku gwada kira tukuna, domin wadda aka tsayar a kan 4G kaɗai tana iya daina karɓar kira.

In za ku sayi ampili ko amsa-kuwwa ko na'urar ɗaukar magana domin aikin ƙauye, ku tafi shago da ƙaramar salula mai maɓallai. Ku sa a kunna na'urar, a jona makirufo da ainihin wayar da za a ba ku, a ɗaga sauti kamar yadda za ku yi a filin taro. Ku kira salular, ku matso da ita sannu a hankali har ƙugi ya fara, ku auna tazarar. Ku yi haka da na'ura biyu ko uku kafin ku biya, kuna tuna cewa a ƙauye mai sanda ɗaya tazarar za ta fi wadda kuka auna a shago.